Bakancen Miran

Sanyin bana ya shigo Madina da wuri. Kafin in gama shimfiɗa kayan sana'ata a gindin dutsen Uhudu yatsuna sun ƙage, sai na hura musu iska sannan in iya kwance bakin buhun dabino. Shekaranjiya jikata Huda ta rako ni, ta jibga riguna uku, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci kamar yadda 'ya'yan yanzu suka saba. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin sanyi irin wannan. Na ce da ita sanyin da aka ji da ƙoshi ai rabin sanyi ne. Ta yi dariya ta koma kan wayarta, ni kuwa hankalina ya tafi Jurf, can gefen Madina, shekara talatin da wani abu baya.

Wanda ya san Jurf a yau, da gidaje kan gidaje da titi ko'ina, ba zai yarda in na ce masa gonaki ne a da ba. A ɗaya daga cikinsu muka zauna ni da Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, bayan mun taso daga Mai Wurno ta Sudan da niyyar hajji, zama kuma ya kama mu. Gonar wani dattijo ce ɗan Madina. Malam ke kula da ita, ni ke dafa wa ma'aikata. Akwai rijiya mai inji, da layukan dabino, da barsim, ciyawar da ake yanka da asuba a kai wa masu awaki. Ɗakinmu na bulo ne a gefen rijiya, da rumfar kwano inda nake girki, da kajina guda biyu da na fi ji da su fiye da wasu dangin.

Aikin dabino ba ya jiran kowa. Da sanyi ake hawa a sare ƙayoyin da ke gindin rassa, don in lokacin fure ya zo mutum ya samu wurin sa hannu. Bayan nan a ɗebo furen namijin dabino a ɗaura wa kowace mace nata. Sai zafi ya zo, wanda ke sa kwanon rumfa ya riƙa ƙara shi kaɗai, dabino ya nuna, a sauke. In aka makara a mataki ɗaya, shekarar ta tafi ke nan.

Mai hawan da ya fi kowa a gonar shi ne Miran. Siriri ne, baƙi kamar mu, da gashin baki da yake ji da shi. Ranar da na fara kiransa Ba'indiye sai ya ɓata rai, ya ce shi Batamile ne, daga can kudancin ƙasar, yarensu daban, jiharsu daban, shugabansu ma daban. Musulmi ne mai kiyaye salla. Larabcin kasuwa muke yi da shi, rabi da baki rabi da hannu. Yana ce mini Akka, wato Yaya a yarensu. Da ya ji sunana Zainabu sai ya dafa ƙirji, ya ce sunan 'yarsa ke nan, ita kaɗai gare shi, ya baro ta tana koyon tafiya. Bakinsa ba ya iya faɗin sunan daidai, Jainabu yake cewa. Tun daga ranar yarinyar da ban taɓa gani ba ta zama takwarata, kuma mu a wurinmu takwara ba abin wasa ba ce. In na yi abin marmari nakan ƙara masa a kwano in ce rabon takwarata ne, ya ci a madadinta.

Ciwon Miran ɗaya ne, shugaban jiharsu. Yana da hotonsa a cikin gwangwanin alewa, wani mutum da hular gashi da baƙin tabarau. Malam ba ya son hoto a ɗakin da ake salla, shi ya sa gwangwanin ke rufe sai an zauna hira. Ni kuwa ba na raga masa. Nakan ce, wannan da ba a ganin idonsa, ta ina ka san yana kallonka? Sai ya gyara zama ya ɗauko labarin daga farko, ko da na ji shi jiya.

Wai mutumin maraya ne, uwarsa ta rasa abin ba shi, ta kai shi wurin masu wasan kwaikwayo don ya samu na bakinsa. Daga nan ya shiga fim, kullum shi ne mai ceton talaka. Ya shiga siyasa. An taɓa harbinsa a wuya bai mutu ba, sai dai muryarsa ta canza. Jam'iyyarsa ta kore shi, ya kafa tasa, ya ci zaɓe. Aka rushe gwamnatinsa, jama'a suka dawo da shi. Miran kansa, kafin ya zo Madina, ya yi yawon manna hotunansa a bango har an taɓa fasa masa goshi, yana nuna tabon kamar wata lambar yabo. Duk wannan bai dame ni ba, don romon bakan 'yan siyasa na sha shi tun a Sudan. Abu ɗaya ne kawai ya ratsa ni. Mutumin ya sa an ɗora tukunya a makarantun jihar, duk yaron da ya je sai ya ci shinkafa da miya da rana, ko ɗan wane ne.

Akwai wani Batamilen mai bakala, ɗan kantin da muke sayen gishiri da kananzir a bakin hanya, shi ɗan jam'iyyar adawa ne. Ya ce da ni kada in biye wa Miran, tukunyar nan wani shugaba ne ya fara ɗora ta tun da daɗewa, wannan faɗaɗa ta kawai ya yi, sauran duk sinima ce, kuma mutumin ba ya son a soke shi. Na kai wa Miran wannan magana don in ji bakinsa. Bai musa ba. Ya ce shi bai san wanda ya fara ba, ya dai san a zamanin wa 'yarsa take ci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai na bar zancen.

Rana takan riga mu yi a ƙasarsu. In hantsi ya ɗaga a nan, can tsakar rana ce. Kullum a daidai lokacin, duk bishiyar da Miran yake kai, sai ya dakata ya juya gabas ya ƙwalo mini kira: "Akka, Jainabu tana cin abinci." Ni kuma daga rumfa in ce Allah ya sa ta ƙoshi. Har na daina duba inuwa, kiransa ya zame mini agogon ɗora tukunyata.

Wata shekara shugaban ya kwanta ciwo mai tsanani, aka fita da shi ƙasar waje. Miran ya ce a can jiharsu mutane sun bar cin abinci, wasu sun aske kai, kowa na roƙo ta hanyar addininsa. Shi sai ya yi bakancen azumi har mutumin ya tashi. Malam ya ce babu laifi a roƙa wa mai rai lafiya da shiriya. Ikon Allah, mutumin ya ci zaɓe yana kwance a gadon asibiti, ya kuma dawo gida da ransa. Miran ya sayo rabin kaza ya ce in dafa. Tun daga nan babu mai iya gaya masa cewa bakancensa ba ya ci.

Sai shekarar wahala ta zo. Dattijon mai gona ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suna Jidda, kowa na jiran wani ya ɗauki nauyi. Injin rijiya ya lalace ana tsakiyar zafi, aka rasa mai gyara shi. Barsim ya bushe a tsaye. Dabino ya riƙa zubowa tun bai nuna ba, da safe sai ka ji shi ƙarƙashin ƙafa kamar tsakuwa. Da guga Malam da Miran suke jan ruwa su bi bishiyoyin da suka fi daraja, har tafin hannunsu ya tsattsage. Albashi ya tsaya. Ma'aikata suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu mu uku, don takardun Miran suna hannun iyalan dattijon, ba shi da inda zai nufa. Ya yi watanni bai aika komai gida ba. Abin da ke riƙe da zuciyarsa kawai shi ne kiran nan na hantsi.

Da sanyi ya shigo, abincinmu ya koma gurasar tamis ta jiya da masu gidan burodi ke ba mu a araha, da adas, wannan ƙanƙanin waken, da nake tsinkawa da ruwa har ana ganin gindin kwano. Dabinon da ya rage shi ne wanda bai yi ƙwallo ba, mai ɗaure baki, wanda a shekarar arziki awaki ake zuba wa. Iska takan sauko daga wajen duwatsu ta bi ta ƙarƙashin ƙofa. Nakan tashi da asuba in hura busassun rassa, mu uku mu kewaye wutar muna shan shayin da aka maimaita ganyensa. Kajina kaɗai ba su ci amana ba, kowace takan yi ƙwai in ta ga dama, ni kuma in kai bakala a ba ni gishiri ko sabulu.

A cikin wannan hali, wata safiya, sai ga mai bakala a kan kekensa. Da na ga ya jingine keken ya cire hularsa, na san ba lafiya ba. Shi da kansa, abokin gardamar, ya kama hannun Miran ya gaya masa shugaban ya mutu, ya ji a rediyo. Miran bai yi ihu ba. Ya zauna a bakin busasshiyar hanyar ruwa, ya ajiye laujensa a gefe, hawaye na bin gashin bakin nan. Mai bakala ma ya zauna kusa da shi suna kuka tare, abin da ya ba ni mamaki ke nan har yau.

Bayan azahar ya zo wurin Malam ya roƙi a yi wa mamacin salla daga nesa. Malam ya gaya masa a hankali cewa hakan ba zai yiwu ba, tun da mutumin ba a kan addininmu ya mutu ba, lamarinsa yana wurin Ubangijinsa. Miran ya gyaɗa kai, ya ce dama ya sani. Ni kuma na rasa yadda zan yi masa gaisuwa, don kalmar da muka saba faɗa ba ta da wuri a nan. Na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa na ce Allah ya ba shi haƙuri, Allah ya raya takwarata. Da jin haka sai kukan ya ɓalle masa.

Ya ce, "Akka, a ƙasarmu in mutum ya faɗi, har sunansa ake gogewa a bango. Za su sauke tukunyar. Ni kuma ban aika ko ƙwayar shinkafa ba."

Washegari hantsi ya ɗaga, na saurara, ban ji kira ba. Da na kai masa abincin rana ya ce yana azumi. Ya yi bakance ba zai sake ci da rana ba sai ya ji tabbacin cewa ana dafawa a makarantar 'yarsa.

Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan yake nufi ba. Huda tana iya ganin ƙawarta da ke wata ƙasa tana cin abinci ta wayar da ke tafin hannunta. A lokacin ƙauyen su Miran ba waya, matarsa ba ta rubutu sai ta nemi mai rubuta mata, saƙo kan yi wata da watanni a hanya. Rediyon bakala kuwa ba ta san da wata yarinya mai kwano ba, manya take faɗa. Jam'iyyar ta rabe biyu, matar mamacin a gefe, wata da ya horar a siyasa a gefe. Aka yi rigima a majalisa, daga baya aka rushe gwamnatin gaba ɗaya. Duk labarin da ya zo sai ya ƙara ɗaure bakancen.

Azumin sanyi ba wuya gare shi ba ga mai sahur. Miran kuwa ko da magariba ba ya wuce loma uku huɗu, sai ya ture kwanon. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na ce ban taɓa ganin inda yunwar uba ta zama ƙoshin 'ya ba. Na ce ƙin abincina raini ne, a garinmu da an kai shi gaban manya. Sai ya yi murmushi ya ce in yafe masa, abincin ne ba ya wucewa. Malam ya zaunar da shi ya ce addini bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, bakance irin wannan yana da mafita, ya ciyar da miskinai goma ya huta. Miran ya yi wata dariya mara daɗi.

Ya ce, "Ya shehi, ɗaya ta gagare ni, ina zan samu goma?"

Malam ya ce to wanda ba shi da hali azumin kwana uku ya ishe shi. Ya yi ukun, ya wayi gari na huɗu da azumi a bakinsa.

Na ga kumatunsa sun faɗa, zanen da yake ɗaurawa yana zagaya shi har ya yi saura. Sai na daina kai ƙwai bakala. Na samo 'yar shinkafa na yi masa kunun da ya koya mini a watan azumi, mai hulba da albasa, irin wanda suke buɗa baki da shi a ƙasarsu. Ya shaƙi ƙamshin ya rufe ido, ya sha kaɗan. Ranar da aka yi yayyafi da yamma na dafa ƙwai ɗaya na kai masa da zafinsa, na ce wannan rabon takwarata ne, in ya ƙi shi ita ya ƙi. Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi yana ɗumama yatsunsa, ya ce ita ba ta cika samun ƙwai ba, sannan ya sa a aljihun riga ya ce zai ci da sahur. Na koma ɗaki ina murna, a zatona na samo kansa.

Lokacin sare ƙaya yana ƙurewa, ga bishiyoyi da yawa ba a taɓa ba. Malam ya hana shi hawa, ya ce a bar shekarar ta tafi. Amma Miran yana ganin in dabinon bai yi ba, babu ranar da zai sake aika wani abu gida. Washegarin yayyafin da safe Malam ya shiga gari neman wani ƙarfen inji. Jikin bishiyoyi a jiƙe yake da ruwan jiya, iska tana kaɗawa. Ina rumfa ina tsince adas, ban ma san ya ɗauki igiya ba. Hantsi ya ɗaga. Sai na ji ƙarar faɗuwar abu mai nauyi, kajina suka watse.

Na same shi a gindin doguwar bishiyar da ke kusurwar gabas, igiyar na lilo a sama. Idonsa a buɗe, yana numfashi da ƙyar. Na tallafi kansa ina maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa na bi. Na ɗebo ruwa a tafin hannu zan ɗiga masa, ya kau da baki. Ihuna ya jawo mai bakala, amma kafin ya samo mota, rai ya yi halinsa.

A maƙabartar Baƙi'a aka rufe shi bayan an yi masa salla a Harami. Maza suka ce ya yi dace, mutane na zuwa daga bangon duniya suna roƙon irin wannan makwanci. Na san gaskiya ce, amma ranar ba ta sanyaya mini zuciya ba. Mu mata ba ma shiga, kuma a can ba a rubuta sunan kowa, ko Malam da ya sa shi a kabari bayan 'yan shekaru bai iya nuna wurin ba. Da ya dawo ya miƙo mini rigar Miran in wanke a haɗa da kayansa. Na sa hannu a aljihu na ji ƙwan, ɓawonsa ya farfashe, ba a ci ko gefensa ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa wasu 'yan uwana na jini ba.

Ba a daɗe ba dattijon ya rasu, aka sayar da gonar, muka koma unguwar Harra ta Gabas. Mai bakala ya aika da kayan Miran gida, shi ma ya tashi, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na yi shekaru ban san ko an sauke tukunyar ko ba a sauke ba. Wa zan tambaya? Tambayar ta zauna mini a ƙirji, duk hantsi sai ta motsa.

Sai bayan rasuwar Malam, da na fara sana'a a Uhudu, wata rana ayarin maziyarta ya tsaya a gabana, na ji irin sautin da Miran ke yi in yana hira da mai bakala. Na kama hannun wata mata a cikinsu, na roƙi jagoransu ya fassara mini. Na ce ya tambaye ta ko har yanzu ana dafa wa yara abinci a makarantunsu. Ta dube ni da mamaki. Ta ce ai ita ma da shi ta girma, ba ta taɓa jin an sauke ba. Gwamnatoci sun zo sun tafi, masoyan mutumin da maƙiyansa duk sun yi mulki, babu wanda ya yi gigin taɓa tukunyar. Sannan ta yi dariya ta ƙara wata magana, jagoran ya ce wai yanzu har da ƙwai ake ba su.

Na tambayi sunanta. Ba Zainabu ba ce. Na cika mata leda da dabino mai kyau na ƙi karɓar komai, ta tafi tana waiwaye, ta ɗauka tsohuwar ta taɓu.

Ranar ban jira la'asar ba na naɗe kaya. Na hau mota zuwa Harami, na zagaya ta bayan katangar Baƙi'a inda mata kan tsaya su leƙa ta tsakanin ƙarafa. Ƙasa ce shimfiɗe da duwatsu marasa suna, tattabaru na ta kiwo a kai. Ban san ta ina zan fuskanta ba, sai na zaɓi gabas. Na yi sallama, na yi masa addu'a, sannan na matsa bakina jikin ƙarfen na faɗa da Hausa, yaren da bai taɓa ji ba sai in ina masa faɗa.

Na ce, "Miran, ba a sauke ba. Takwarata ta ci. Sai ka sha ruwa."